Ƙuri'un da Iya Barakatu ta Ƙulla a Gyale

Duk wanda aka haifa a unguwar Sabo ta Ibadan tsakanin yaƙin Bama da hawan soja mulki, in ya ɗaga riga ya dubi cibiyarsa, aikin Iya Barakatu yake kallo. Ita ce ungozomar unguwa. In cibiya ta turo waje, sai ta ce uwar yaron ce ba ta ji magana ba. In ta zauna daram, ta ce ai hannu ne. Gajeriya ce mai faɗin ƙafa, kullum tana tafe da sauri kamar wadda ta bar miya a wuta, ga gyale guda mai ruwan ƙasa da ba ta rabuwa da shi. A gefensa take ƙulle reza, da zare, da ɗan goron da aka ba ta.

A goye aka zo da ita daga ƙasar Zazzau, tun kafin a yanka wa Hausawa filin nan da muke zaune a kai. Ubanta falken goro ne. Ta yi aure uku, kuma ba ta taɓa zagin ko ɗaya daga cikin mazan ba, sai dai ta ce, “Kowanne da irin barcinsa.”

A auren na biyu ne, a Abekuta, ta kwaso abin da ya zame mata ciwo har kabari. Shekarar da matan kasuwa suka yi zaman dirshan a ƙofar fada saboda haraji, naƙuda ta kama wata a tsakiyar taron. Aka rasa mai taimako, wani ya ce akwai matar mahauci Bahaushiya da ta san aikin. Haka Iya ta ratsa dubban mata, da tukwanensu da tabarminsu, suna waƙa suna kiran manya da sunayensu ba ko sayawa. Ta karɓi haihuwa lafiya, amma ba ta koma gida ba sai da ta kwana biyu a wurin.

“Ni dai na san mace tana cewa a'a,” in ji ta. “Amma a ɗaki, ita kaɗai, tana kuka. Ban san ana taruwa a faɗi haka ba.”

Ana gab da samun 'yancin kai aka ce kowace mace baliga a Kudu za ta jefa ƙuri'a. A Arewa kuwa ba a yarda ba. To, matan Sabo sai suka zama abin tausayi da dariya: ƙasar da suke takawa ta ba su, ƙofar da suke ciki ta hana su. Matan aure a unguwarmu ba sa fita. Sai suna, sai ta'aziyya, sai ciwon da ya fi ƙarfin rubutu. Sunayensu kam suna cikin rajista, don masu gidaje sun rubuta kowa da kowa saboda a ce gidan wane da jama'a. Amma suna daban, ƙafa daban.

Iya ba a kulle take ba, tsufa da sana'a sun buɗe mata hanya. Ta yi shiri tsaf, har sabon takalmi ta saya. Saura sati uku zaɓe, mijinta na uku, Malam Iliyasu, ya rasu. Allah ya ji ƙansa, mutum ne da bai taɓa yin abu a kan kari ba sai wannan. Iya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ranar zaɓe tana zaune a kan tabarma tana jin motocin jam'iyyu suna wucewa da lasifika.

Masu zuwa gaisuwa sun ce ta yi kuka sosai ran nan. Ba wanda ya tambaye ta kukan wanne ne.

A zaman takabar ne ta yanke shawarar da ta jawo komai. Ta ce tunda Allah ya zaunar da ita a ɗaki ranar, ya ɗanɗana mata abin da sauran ke ji, to ba za ta je akwati ita kaɗai ba har abada. Ko su tafi tare, ko a zauna tare. Aka yi zaɓuka bayan haka, ba ta leƙa ba.

Dabararta kuwa, sai wanda ya gani. Ita kaɗai ce ke shiga kowane gida ba a ce mata “wa kike nema”. Kuma bayan haihuwa akwai wankan jego, safe da yamma, kwana arba'in. Sai ta bari mai jego ta zauna, ruwa na tururi, ta ɗaga ganyen wanka, sannan ta fara.

“Famfon nan na bakin masallaci, wata nawa rabonsa da ruwa?”

“Wayyo Iya, zafi!”

“Zafin ne magani. Wa ke sayen ruwan garwa, ke ko shi? Wa kuma aka tambaya da za a zaɓi mai gyara famfon?”

Mai jego ba ta gudu. Kafin arba'in ta cika, ko don ta samu lafiya, ta ce ta yarda.

Matan ba su ne matsala ba. Matsalar tana zaure. A layinmu, abin da Alhaji Labaran ya ce shi ne magana. Mai masaukin fataken goro ne, rabin mazan layin a ƙarƙashinsa suke cin abinci, masu ɗaurin huhu da dillalai da 'yan dako. In ya buɗe ƙofarsa, kowa zai buɗe. Ba mugu ba ne, yana ma jin daɗin zuwan Iya, don ita kaɗai ke masa gardama. Duk shekara sai ta je ta tsaya a bakin zaure, tsakanin huhunan goro.

“Alhaji, na zo maganar nan.”

“Iya, ke ba kya gajiya? Mace ta san akwati, i, amma na lefe.”

“'Ya'yanka goma sha ɗaya na karɓa da hannun nan. Wadda ta iya fito da mutum duniya, takarda ce za ta gagare ta sakawa a rami?”

“Ai shi ya sa. Sun yi mai wuyar, a bar mana mai sauƙin.”

Sai ya ba ta goro fari, ta ƙulla a gyale, ta ce sai baɗi.

Shekara ta shida, baɗin ta zo. A zaɓen jihar Yamma na sittin da biyar, gari ya ɗau zafi, kowace ƙuri'a ta zama zinariya. Mutanen jam'iyyar da Alhaji ke bi suka riƙa masa sintiri: ina sunayen nan da ka rubuta? Alhaji ya zauna ya yi tunani irin na ɗan kasuwa. Mata dai abin da mazansu suka ce za su yi. Ashe dukiya ce a ajiye a cikin gida bai sani ba. Ya aika aka kira Iya.

“Na yarda, sau ɗaya. Su fita a lulluɓe, su dawo a lulluɓe, kafin azahar. In aka ga kan mace ɗaya a titi, ko aka ji muryarta, to kada ki sake kawo mini maganar nan, ni ma ba zan iya kai ta gaban kowa ba.”

“Na ɗauka.”

“Kuma ki nuna musu akwatinmu.”

“Zan nuna musu akwatuna,” in ji Iya. Alhaji bai lura da bambancin ba, ana auna masa goro.

Ban taɓa ganin shiri irin na watan nan ba. Ta zaɓi lokaci: hantsi, bayan maza sun jefa tasu sun koma rumfuna. Ta zaɓi hanya: lungun bayan mahauta, don kada a bi ta shataletalen Mokola. Ta raba tsofaffi gida-gida su riƙe yara. Ta aro mayafai ga waɗanda nasu ya tsufa a adaka. A kowane tsakar gida ta jera tukwane uku a bayan zana, ta ba kowace mace ganyen ɗaurin goro a matsayin takarda, ta ce shiga ki saka a wadda ranki ya so. Suka yi ta yi suna dariya, har wasu suka gwanance.

Abu ɗaya ne ba ta kawo a ranta ba. A tsakar gida babu namiji.

Ranar Litinin ɗin, cikin sittin da suka yi alkawari, talatin suka fito. Da ita, talatin da ɗaya. A gaba akwai Hajiya Ashatu, uwargidan Alhaji Labaran, wadda rabonta da taka titi da rana shekara tara. Tana tafe tana tambayar yaushe aka gina wancan benen. A baya akwai Mariya, matar wani tela, haifaffiyar Ibadan, mai jin Yarabanci kamar ruwa, tana ta ƙunshe dariya a mayafi.

A wata makarantar firamare aka kafa rumfar. Akawun zaɓe ya ga taron lulluɓi, ya so ya rabu da su da wuri, ya riƙa kiran suna yana miƙa takarda, har kowa ta samu. Saura shiga. Akwatunan suna cikin wani ɗan ɗaki mai labule, a bakin ƙofar kuma ga ɗan sanda, ƙato, da gajeren wando da kulki.

“Wan-bai-wan!” in ji shi, wato ɗaya bayan ɗaya.

Ba wadda ta motsa.

“Hajiya, bismilla,” in ji Iya. “Ke ce babba.”

Hajiya Ashatu ta dubi ɗakin, ta dubi gwiwoyin ɗan sandan, ta kau da kai. “Iya, in shiga ɗaki ni kaɗai, a saki labule, ga wannan a bakin ƙofa? In an tambaye ni a gida in ce me?”

“Ki ce kin yi zaɓe!”

“Ba ki ce da namiji ba.”

Tunda babba ba ta shiga ba, ƙarama ba ta isa ta tsallake ta ba. Ko Mariya mai baki sai ta sunkuyar da kai. Iya ta je wurin ɗan sandan, ta roƙe shi da Yarabancinta mai kyau. “Ejo, omo mi, don Allah ɗana, matsa can gindin mangwaro, minti goma kawai.” Ya ce an sa shi nan, nan zai tsaya. Ta roƙi akawu, ya ce ba ruwansa da ƙofa, tebur ne nasa. Layin maza ya fara taruwa a baya, ana leƙe. Rana tana hawa.

Hajiya Ashatu ce ta kawo mafita, kuma a ganin kowace mace a wurin, mafita ce mai kyau. A Sabo, in ana biki, matar da ba ta samu fita ba takan ba wata dattijuwa gudummawarta ta kai mata. Ba a taɓa cewa gudummawar ba ta isa ba don ba mai ita ce ta kai ba. Saƙo ne, kuma ɗaukar saƙo girma ne.

“Ki kai mana, Iya. Wa ya fi ki amana?”

“Ba haka ake yi ba. Kowa da hannunta.”

“To mu koma da su gida?”

Iya ta dubi takardu talatin a hannaye talatin masu lalle, don wasu har ƙunshi suka yi saboda ranar. Shekara shida ke nan. Ta kwance rezarta da zarenta ta ba Mariya, ta shimfiɗa gyalen a hannu.

“To ba zan zaɓa wa kowa ba. Kowacce ta zo ta raɗa mini a kunne.”

Suka zo ɗaya bayan ɗaya. Mai son akwatin farko, takardarta ta shiga wannan gefe. Mai son na biyu, wancan gefe. Akwai ɗan takara na uku da ba wanda ya san shi, alamarsa agwagwa, shi ma ya samu uku, don an ce agwagwar ta ba da tausayi. Iya ta ƙulla gefe uku, ƙulli mai kyau irin na cibiya, ta riƙe tata a hannun dama, ta nufi labule kanta a sama. Ba ta ɓoye komai ba. Me za ta ɓoye?

Abin da ba ta sani ba, tun safe aka gargaɗi 'yan sanda su sa ido a kan mata masu manyan zannuwa, don ana ta raɗe-raɗin wasu na shigowa da cikin ƙarya cike da takardu. Daga baya takan ce da ita aka kira, da kallo ɗaya za ta faɗi wane ciki ne na Allah. Ɗan sandan ya sa kulki ya tare ƙofa.

“Mama, kilode? Mene ne wannan?”

“Saƙo ne.”

Ya kwance ƙulli ɗaya, takardu suka zubo. Ya busa usur.

A zaɓen da kowa ya san abin da aka yi a cikinsa, daga masu ƙona motoci har masu cika akwati tun kafin gari ya waye, mutum ɗaya aka kama a rumfarmu. Ita ce kuwa kaɗai ta tambayi masu ƙuri'a abin da suke so.

Da jin usur, 'yan bangar jam'iyyu suka rugo, kowane ɓangare na ihun an kama ɓarauniyar ɗaya ɓangaren. Matan suka watse. Ba wadda ta tuna lungun bayan mahauta. Ta babban titi suka bi, a guje, ta gaban rumfunan mazansu. Takalma suka zube. Mayafin Hajiya Ashatu ya maƙale a keken wani mai burodi, ta iso ƙofar gida kai ba ɗankwali, furfurarta a waje, fataken Alhaji na zaune a zaure. Mutanen kirki ne, duk suka dubi ƙasa. Amma sai da suka gani kafin su dubi ƙasan.

Da la'asar Alhaji Labaran ya je caji ofis da kansa ya karɓo ta. Babban ɗan sandan ma, da ya ji labarin, dariya ya yi ya ce a tafi da ita. Takardun dai an soke su, har da tata. A hanya Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Sai da suka kusa gida ya yi gyaran murya.

“An ce ƙulli uku ne.”

“Uku ne.”

“Ta gidana a wanne take?”

“Alhaji, ka taɓa jin na faɗi abin da na gani a ɗakin haihuwa?”

Ya ci gaba da tafiya. Har ya rasu bai sani ba, kuma ina jin abin ya dame shi fiye da faɗuwar mayafin.

Ba wanda ya kore ta daga ko'ina. Mu mutanen Sabo ba ma kora, sai dai mu riƙa cewa masu gidan suna barci. In haihuwa ta zo a kira ta, don ba a wasa da naƙuda. Amma wankan jego sai aka ce ai kakar yaro za ta yi. Ta gane. Ta ce kuskuren nata ne, kuma ta san gyaransa: zaɓe mai zuwa za ta je tun da wuri ta nemi a sa mace a ƙofa. Har ta fara tambayar inda ake kai irin wannan koke.

Wata uku bayan haka soja suka karɓi mulki, suka rufe jam'iyyu. Babu sauran ofishin da za a kai koke, babu zaɓen da za a kai shi dominsa.

Sai kuma abubuwa suka yi ta lalacewa, kashe-kashe a can, ramuwa a can. A unguwarmu ba a taɓa kowa ba, amma jita-jita ta fi wuta gudu. Yau a ce za a kori 'yan Arewa, gobe a ce an fasa, jibi a ce an ga wasu suna ƙirga gidajenmu. Kafin yaƙin basasa ya ɓarke, maza suka yanke shawara a zaure: su za su zauna su tsare kasuwa, mata da yara a tura su gida. Gidan da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Iya ta raka kowace mota. Motocin goro ne, an share bayansu an shimfiɗa tabarmi, suna tashi daga tashar Ojoo. Tana tsaye tana gyara wa wannan goyo, tana gaya wa waccan watan da za ta haihu. Matan da ta yi shekara shida tana tarawa, a sati shida aka kwashe su, zuwa inda ko sunansu ba za a rubuta ba.

Mariya ce ta leƙo ta saman mota. Ba ta daina tsokana ba har ranar.

“Iya, can ma a bakin ƙofar akwai ƙato?”

“Can babu ƙofar ma, 'yar nan.”

“To in an fara zaɓe, ki aiko mana.”

“Riƙe yaron da kyau, akwai iska,” in ji Iya.

Autanta Manniru direba ne, shi ya ja ɗaya daga cikin motocin. Ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah, ya ce ga wuri a gaba kusa da shi. Ta ce a'a. Ta ce a nan sunanta yake a rubuce, in aka kira ba ta nan, sai a ce matan Sabo ba sa so.

Ta zauna. Haihuwa ta yi ƙaranci a unguwar da babu mata, hannunta ya fara rawa, idonta ya yi hazo. Ta koma zama a dakalin ƙofar gidanta, inda take jin rediyon mai shayi. Labarin yaƙi ba ya gabanta sosai, sai dai ta ce duk wanda aka kashe wata ce ta sha wuyarsa. In aka gama labarai sai ta kira duk wanda ke wucewa.

“Kai, wane ne nan? Sun faɗi ranar zaɓe?”

“Sun ce sai bayan yaƙi, Iya.”

“To. Allah ya kai mu.”

Muna ba ta wannan amsar ne don ita muke da ita, kuma tana kwantar mata da hankali. Ta rasu da damina, saura 'yan watanni a ajiye makamai. Matan da suka yi mata wanka su huɗu ne, biyu ma aro aka yi daga Mokola.

Da yaƙi ya ƙare, wasu daga cikin matan sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Hajiya Ashatu a can aka binne ta. Mariya ta dawo da 'ya'ya biyu da tarin da ba ya jin magani, ta zo ta tsaya a gaban dakalin, ba ta yi tsokana ba. A watan Oktoban shekarar aka yi jawabi a rediyo, aka ce zaɓe sai nan da shekara shida. Muna zaune wurin mai shayi muka ji. Wani dattijo a cikinmu ya ajiye kofinsa, ya ce gara da Allah ya ɗauke ta, don da tana nan, bai san wanda zai tsallaka titi ya gaya mata ba.